Sinadarin da ke rina fim: masu yabo ba su auna ba, masu cewa "ba illa" ba su karanta ba

Tun da ɗaukar hoto da fim ya sake samun kasuwa, sinadaran wanki (waɗanda ke fito da hoto a jikin fim) masu rina nagetif, wato fim ɗin da ake buga hoto daga gare shi, suka dawo bakin kowa. Wannan ba abin damuwa ba ne, domin sinadarai ne masu kyau a hannun wanda ya san su. Abin da ya ishe ni shi ne sabon salon tallarsu: a aika wa mai bidiyo kwalba kyauta, ya wanke naɗi ɗaya na fim, ya ɗora hotuna shida a intanet, ya ce bai taɓa ganin irin wannan kyau ba, sannan ya ƙara da cewa wannan na zamani ne, ba shi da guba irin na da. A wasu bidiyoyin ma za ka ga yatsunsa tsirara cikin ruwan wankin. Magana biyu ya yi, ta kyau da ta lafiya, kuma babu wadda ya gwada a cikinsu.

Mu fara da ta kyau, don a nan aka fi shafa wa labari shuni.

Sinadarin wanki na yau da kullum, irin su D-76, azurfa kawai yake bari a jikin fim, ita ce ke zama baƙin hoton. Payrogalol (payro a taƙaice) da katekol kuwa, waɗanda su ne jigon sinadarai masu rini, aiki uku suke yi a lokaci guda. Suna fito da azurfar, suna jeme jelatin ɗin fim, wato shafen da ke riƙe da azurfar, ya taurare a daidai inda azurfar take, sannan abin da ya rage daga gare su bayan sun yi aiki yakan zauna a wurin ya zama rini. Rinin PMK, haɗin payrogalol da Gordon Hutchings ya bayyana a littafinsa na 1991, rawaya ne mai ratsin kore. Na Pyrocat-HD, haɗin katekol na Sandy King, ruwan ƙasa ne. Inda azurfa ta yi yawa, rini ya yi yawa, inda ta yi kaɗan, ya yi kaɗan. Wannan rinin mai bin sawun azurfa shi ake nema, domin yana cike gurbin da ke tsakanin tsakin azurfa, hoton ya fito sumul.

To amma rini launi ne, kuma launi yana tare wani haske ya bar wani ya wuce. Saboda haka nagetif ɗaya tak zai ba da sakamako uku ko huɗu dabam, gwargwadon abin da ya kalle shi. Takardar hoto mai daraja ɗaya, wato wadda ba a sauya tazarar baƙi da farinta, shuɗin haske kawai take gani, rinin kuwa yana tare shuɗi, don haka a wurinta nagetif ɗin ya fi yadda ido ke ganinsa kauri, tazarar baƙi da fari ta ƙaru. Takarda mai sauya daraja tana jin shuɗi da kore: shuɗi yana tsananta tazarar, kore yana sassauta ta. A wuraren da suka fi haske a hoto, kamar gajimare ko farar riga, rinin PMK yana tare shuɗin ya bar koren, sai wurin ya yi laushi. Wani yana son haka don gajimarensa bai ƙone ba, wani kuma ya ga farinsa ya dushe, ba armashi. Masu buga hoto da filatinam da faladiyam, waɗanda ke aiki da hasken UV da ido ba ya gani, su ne rinin ya fi yi wa tasiri, shi ya sa da yawansu suke riƙe da Pyrocat-HD. Sikana kuma lamarinta dabam: idan aka ɗauki nagetif ɗin da launi aka raba shi gida uku, ja da kore da shuɗi, kowane gida da irin tazararsa, kuma manhajar ce ke zaɓar yadda za ta gauraya su ba tare da ta tambayi kowa ba.

Yanzu a duba abin da mai sharhin ya nuna mana. Hoto ne da sikana ta ɗauka, manhaja ta daidaita haskensa da kanta, ta ƙara masa kaifi, aka matse shi ya zama ƙaramin fayil, muka kalle shi a fuskar waya. Ina rinin yake a nan? Abin da muke gani aikin manhaja ne. Ana cewa gani ya kori ji, amma wannan ganin bai kori komai ba, domin ba nagetif ɗin aka nuna mana ba, kuma ba a faɗa mana ta wace hanya aka bi da shi ba.

Ko da mai sharhin ya yi ƙoƙarin kwatantawa da wani sinadari, yawanci a wuri ɗaya yake tuntuɓe: bai wanke fim ɗin biyu zuwa tazara iri ɗaya ba. Duk fim ɗin da aka daɗe ana wankewa zai fi tsaki, ya fi kama da mai kaifi. Duk wanda aka cire da wuri zai fi sumul. Idan ɗaya ya kai ma'aunin tazara 0.50 ɗayan kuma 0.65, bambancin da za a gani na lokacin wanki ne, ba na sinadari ba. Kuma ba a daidaita su da ido, domin ido yana raina kaurin nagetif mai rini. Har na'urar auna kauri, idan aka bar ta a kan farin haske, ƙasa da gaskiya za ta karanta. Dole a auna da shuɗin haske idan takardar azurfa za a buga, da UV idan filatinam ne. Sharhin da bai ambaci wannan ba, ko da kalma ɗaya, bai kai a gina hukunci a kansa ba.

Akwai kuma rini na banza, wanda ke shafe fim ɗin baki ɗaya har gefensa inda babu hoto. Wannan ba ya ƙara komai sai tsawon lokacin bugawa. Yana zuwa ne idan iska ta cinye sinadarin. Dalilin yana cikin haɗin: D-76 yana ɗauke da giram 100 na sodiyam salfayit a kowace lita, wanda ke kare shi daga iska amma yana hana rini. Masu rini kuwa dole a rage musu salfayit ƙwarai, kuma yawancinsu kashi biyu suke zuwa, don haka da zarar an haɗa kashi na farko da na biyu da ruwa, sun fara mutuwa. Wanda ya haɗa ya bar shi minti ashirin kafin ya zuba, ko ya sa PMK a tanki mai juyawa ba tsayawa inda iska ke dukan ruwan, zai samu fim mai launi sosai. Sai ya ɗaga shi gaban kyamara yana murna wai rini ya kama. Shawarar nan ta da, ta mayar da fim cikin tsohon ruwan wanki bayan fiksa (ruwan da ke tabbatar da hoto a jikin fim) don ƙara rini, irin wannan rinin na banza take ƙarawa, shi ya sa masu aunawa suka watsar da ita. Har yau ana maimaita ta a sababbin bidiyoyi kamar wani sirri.

Ga kuma ƙananan abubuwan da ba a faɗa, alhali su ne ke yanke hukunci. A haɗin 1:1:100 na Pyrocat-HD, wato awo ɗaya na kashin farko, ɗaya na kashi na biyu, ɗari na ruwa, tanki mai cin mililita 300 yana buƙatar mililita 3 kacal na kowane kashi. Kuskuren rabin mililita ya zama ɗaya cikin shida na wannan kashin gaba ɗaya. 510-Pyro na Jay DeFehr, wanda aka narkar cikin wani ruwan sinadari mai suna TEA, yana da kauri kamar zuma, yana maƙalewa a jikin sirinji, idan ba a ɗauraye sirinjin cikin ruwan wankin ba wani kaso bai shiga ba. PMK yana son a girgiza tanki kowane daƙiƙa 15, in ba haka ba ya bar zane-zane a sararin sama. Kashin farko na Pyrocat-HD da aka haɗa da ruwa yana iya mutuwa ba tare da ya sauya kama sosai ba, wanda aka haɗa da gilaikol, wani ruwan narkar da sinadarai, ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba. Mai sharhin da ya buɗe sabuwar kwalba jiya ba shi da abin cewa game da daɗewarta, amma sai ka ji ya ce tana shekaru, don haka aka rubuta a takardar talla.

Wannan duka asarar fim ce da lokaci. Maganar lafiya ita ce ba ta da yafiya.

Mutum ba zai iya yin sharhin guba da jikinsa ba. "Na yi amfani da shi ban ji komai ba" ba shaida ba ce, domin illar da ake tsoro a irin waɗannan sinadarai ba ta bayyana a ranar. Payrogalol yana ratsa fata ya shiga jini. Idan ya yi yawa yana hana jini ɗaukar iskar oksijin, yana taɓa ƙoda da hanta, kuma a Tarayyar Turai an sa shi cikin abubuwan da ake zargin suna lalata ƙwayoyin gado, an kuma haramta shi a kayan kwalliya, har da rinin gashi. Masu talla sun san sunan payro yana tsorata mutane, sai suka koma cewa nasu na katekol ne, don haka babu damuwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hukumar IARC mai binciken cutar daji, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa katekol a rukunin 2B, wato abin da mai yiwuwa yana jawo cutar daji ga ɗan Adam. Haidrokwinon na cikin D-76, wanda ake nuna shi a matsayin tsohon yayi mai haɗari, yana rukuni na 3, inda hujja ba ta isa a yanke hukunci ba. Su ukun, payrogalol da katekol da haidrokwinon, 'yan gida ɗaya ne a ilimin sinadarai, katekol da haidrokwinon ma ƙwayoyin da suka gina su iri ɗaya ne, wurin zamansu ne kawai ya bambanta. Katekol kuma yana tashi a iska, duk wanda ya buɗe garinsa ya san warinsa. Metol da ke cikin PMK sananne ne wajen jawo borin fata, irin wanda idan ya kama mutum, ɗan taɓawa kaɗan ya isa ya tayar da shi har ƙarshen rayuwa.

Hujjar da ta fi ɓata mini rai ita ce ta "daga tsiro yake". Gaskiya ne an fara samun payrogalol ta hanyar ƙona sinadarin da ke cikin ƙullutun itatuwa, gaskiya ne akwai ɗan katekol a cikin kofi. Haka nan akwai shi a hayaƙin taba. Asalin abu ba ya gaya maka abin da giram hamsin na garinsa zai yi wa huhunka. Haka ma kiran 510-Pyro "mai sinadarin bitamin C": e, akwai giram 5 na asid ɗin askobik a cikin mililita 100, amma kusa da shi akwai giram 10 na payrogalol, kuma sunan kwalbar ma bai ɓoye hakan ba.

Inda masu cewa "ba illa" suke fakewa shi ne yawan ruwan da ake sirkawa. A nan suna da rabin gaskiya, kuma ya kamata a ba su ita. Ruwan wankin PMK da aka sirka yana da kimanin giram 1 na payrogalol a lita, na Pyrocat-HD rabin giram na katekol. Wanda ya zuba wannan a rufaffen tanki, da safar hannu, ya zubar ya ɗauraye, haɗarinsa kaɗan ne. Amma ba a sayar wa kowa sirkakken ruwa. Abin da ke cikin kwalba ya ninka wannan ƙarfi sau ɗari, kuma shi ne ake zuƙa da sirinji, shi ne ke ɗiga a yatsa, shi ne ke bushewa a bakin kwalba ya zama gari. Wanda ya sayi garin don ya haɗa da kansa ya fi kowa shiga haɗari, musamman idan zai ɗumama TEA ko gilaikol don garin ya narke, domin tururin yana tashi daidai fuskarsa. Mai wanke manyan fallayen fim a faranti kuma hannunsa yana cikin ruwan minti goma ko fiye, a cikin duhu, sau da yawa a mako. Kalmar "ba illa" ta haɗa waɗannan mutane huɗu ta yi musu hukunci ɗaya, alhali na farkon kaɗai ta dace da shi, shi ma da sharaɗi.

Masu cewa payro ajali ne, suna kafa hujja da ciwon Parkinson da ya kama mai ɗaukar hoto Edward Weston kafin rasuwarsa a 1958, su ma ba su da abin da ya haɗa ciwon da sinadarin sai zato. Masu cewa magabata sun yi ta tsoma hannu tun zamanin Frederick Scott Archer, wanda ya yi aikin hoto da payrogalol a 1851, ba abin da ya same su, babu wanda ya bi waɗannan magabatan ya ƙirga abin da ya same su.

Abin da ya fi muni shi ne kwalbar da ba a faɗi abin da ke cikinta ba. PMK da Pyrocat-HD da 510-Pyro haɗinsu a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya lissafa. Amma yanzu ana samun masu rini da ake sayarwa da sunaye masu daɗi, an rubuta "mai sauƙi ga muhalli", an ɓoye haɗin da sunan sirrin kasuwanci. Idan sinadari yana rina fim yana jeme jelatin, to da wuya a rasa ɗaya daga cikin 'yan gidan nan a cikinsa, ko da wane suna aka kira shi. Mai sharhin da ya maimaita "ba guba" daga jikin irin wannan kwalba ya ara wa mai kaya bakinsa ne, ya kuma jefa lafiyar masu kallonsa a cikin cinikin.

Ba wani abu mai wuya ake nema ba. Kafin kowa ya furta kalma a kan lafiyar sinadari, ya nemi takardar bayanan haɗari ta kayan, mai sassa 16, ya karanta sashe na 2 da na 3 da na 8, ya duba ko akwai lambar CAS (lambar shaidar sinadari) 87-66-1 ta payrogalol ko 120-80-9 ta katekol. Idan mai kaya ya ƙi ba da takardar, a faɗi haka a sharhin, a tsaya nan. Wanda aka ba kwalba kyauta ya faɗa tun a farko. Wanda zai yabi rini ya nuna nagetif ɗin har gefensa, ya faɗi takarda ko sikanar da ya yi amfani da ita. Safar hannu ta naitiral, tabarau, da ɗaki mai shigar iska kuwa ba a muhawara a kansu, kuma duk bidiyon da aka ga yatsa tsirara cikin payro, a rufe shi tun kafin mai shi ya kai ga ba da shawara.