Kafin a tsayar da allurar B12, a tambayi abin da ya sa aka fara ta

Mahaifiyata ta yi shekara biyu da 'yan watanni ana yi mata allurar bitamin B12 sau ɗaya a wata, har ranar da muka je karɓarta a nan cikin Tawa muka iske an sauya likitan da ya san ta. Sabon likitan saurayi ne mai ladabi, ya gaishe ta yadda ya kamata, ya sa aka auna jininta. Da sakamako ya fito ya dube shi ya ce, "Hajiya, alhamdu lillahi, bitamin ya cika har ya yi yawa, kin huta da allura." Inna ta yi murna, domin babu mai son tsini a jikinsa kowane wata, ni ma na yi murna saboda na ɗauka warkewa ce. Ya rubuta mata jajayen ƙwayoyin ƙarin jini irin waɗanda ake bai wa masu juna biyu, muka yi godiya muka dawo gida.

Watannin farko ba mu ga komai ba, abin da ya ƙara tabbatar mana ke nan cewa an rabu da ciwon. Sai da shekara ta zagayo na fara lura da wasu ƙananan abubuwa. Wata rana takalminta ya zare a tsakar gida, ta ci gaba da tafiya da ƙafa ɗaya a ƙasa ba ta sani ba, sai da jikarta ta ɗauko mata. Da asuba idan ta fito alwala sai ta riƙa dafa bango, alhali da rana tana tafiya ba taimako. Carbin da ta shekara talatin tana ja ya fara kuɓuce mata, ta ce ba ta jin ƙwayoyinsa a yatsu. Harshenta ya yi ja, ya yi sumul, yaji kaɗan a miya ya hana ta cin tuwo. Ranar da na matsa mata da tambaya ta ce mini, "Ɗana, ƙafafun nan kamar ba nawa ba, sai in ji ina taka auduga, da dare kuma kamar kiyashi ke yawo a cikinsu." Irin maganar da ta yi ke nan shekara uku baya, kafin mu kai ta Yamai.

Ra'ayina, bayan abin da na gani da abin da likitoci suka yi mini bayani daga baya, shi ne bai kamata a tsayar wa kowa da wannan allura ba sai an san dalilin da ya sa aka fara ta, kuma awon jini kaɗai ba ya isa ya zama hujjar tsayarwa.

Ƙarancin B12 iri biyu ne a taƙaice, kuma maganinsu ya sha bamban. Akwai wanda bitamin ɗin ne ba ya shiga bakinsa. Ana samunsa a nama da hanta da kifi da ƙwai da nono, babu shi a gero ko dawa ko wake, babu shi a zogale duk da albarkar da ke cikinta. Wanda ya daɗe yana rayuwa a kan tuwo da kunu ba tare da abin dabba ba zai iya rasa shi, kuma irin wannan idan aka cika masa jiki da allura, ya koma yana samun nono da cuku da kifin Tabalak ko ɗan nama, ana iya tsayar masa da allurar, kuma likitan da ya tsayar ya yi daidai. Abin da babba yake bukata a rana bai wuce mikirogiram 2.4 ba, ɗan mitsitsin abu ne.

Na biyun shi ne wanda yake ci amma cikinsa ba ya karɓa, kuma a nan Inna take. Bangon ciki yana fitar da wani sinadari wanda aikinsa ya kama bitamin ɗin ya raka shi har ƙarshen ƙaramin hanji, inda jiki yake tsotse shi. Idan babu wannan ɗan rakiya, bitamin ya bi bayan gida ya fice. A cutar da likitocinmu suke kira cutar Biermer, da sunan likitan Jamus da ya bayyana ta a 1872, garkuwar jikin mutum ce take lalata bangon cikin da ke yin ɗan rakiyar, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Haka yake ga wanda aka yanke wa ciki gaba ɗaya ko ƙarshen ƙaramin hanji. Irin waɗannan ko sun ci kilishi safe da yamma ba zai wadatar da su ba. Kafin 1926 wannan cuta kisa take yi. A shekarar ne George Minot da William Murphy a birnin Boston na Amurka suka nuna cewa majinyata suna farfaɗowa idan suna cin hanta mai yawa kullum, aikin da ya sa suka sami kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple, sannan a 1948 aka ware bitamin ɗin kansa, mai launin ja, wanda shi ya sa Inna take kiran maganinta jar allura. Tun daga wancan lokaci har yau ba a sami abin da ke mayar da cikin yadda yake ba. Allurar tana tsallake cikin ne kawai, don haka ranar da aka daina ta an koma inda aka baro.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne hanta tana ajiyar B12, kuma ajiyar mai lafiya tana iya kai shi shekara uku zuwa biyar. Rumbu ne da ake ɗiba ba a zubawa, mai gida ba ya ganin yunwa sai ranar da ƙwarya ta taɓa ƙasa. Shi ya sa wanda aka tsayar wa allura yake yin watanni lafiya lau, shi da danginsa da likitan duk su gamsu, sannan ciwon ya dawo a hankali, a ce tsufa ne, ko sanyi, ko a fara zargin iska.

Awon jinin da aka kafa hujja da shi kuwa, duk wanda ake yi wa allurar mikirogiram 1000 kowane wata dole adadin B12 a jininsa ya hau sama. Wannan shaida ce cewa maganin yana shiga, ba ta faɗar komai game da ko cikin ya gyaru. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kula da majinyata a Ingila, a jagorar da ta fitar a 2024, ta ce masu irin cutar Inna da waɗanda aka yanke wa ciki gaba ɗaya a ci gaba da yi musu allura iyakar rayuwa, kuma kada a maimaita awon farko ga wanda yake kan allura. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jajayen ƙwayoyin nan. A cikinsu akwai ƙarfen jini da folik asid, kuma folik asid yana iya gyara ƙarancin jinin da rashin B12 ya haddasa, ido ya yi ja, awo ya yi kyau, alhali jijiyoyi da laka suna ci gaba da lalacewa a ɓoye. Ƙarancin jini ana gyara shi cikin makonni, amma jijiyar da ta daɗe da lalacewa wani lokaci ba ta komawa daidai.

Ba na ɗora wa saurayin likitan nan laifi shi kaɗai, kuma har yau ina girmama shi. Layin da ke bakin ƙofarsa ranar ya kai har ƙarƙashin itatuwa, kuma ɗan littafin asibitin Inna, karnen da muka miƙa masa, babu abin da ke ciki sai kwanan wata da sa hannun malaman jinya. Takardar da aka ba mu a Yamai, bayan an zura mata na'ura ta baki an duba cikinta, tana cikin akwati a gida. Ni ne ban kawo ta ba, ni ne kuma ban buɗe baki na tambaya ba, domin an tarbiyyantar da mu cewa tambayar likita rashin kunya ce. Wannan kunyar ta ci mana shekara guda ta lafiyar mahaifiyata.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata a faɗa wa masu ganin allura ce kaɗai magani. Ko babu ɗan rakiyar nan, kusan kashi 1 cikin 100 na abin da aka haɗiya yana ratsa hanji da kansa, saboda haka ƙwaya mai mikirogiram 1000 ko 2000 a kullum tana riƙe mutane da yawa. Idan likita ya ce a koma ƙwaya, wannan sauya hanya ce, kuma ana iya tattauna ta, musamman ga wanda ke ƙauye mai nisa da asibiti. Sharaɗin shi ne ƙwayar ta kasance mai wannan ƙarfin, a sha ta kullum ba fashi, a kuma koma wurin likita da zarar ƙafa ko tafiya ko tunani ya fara canzawa. Wanda jijiyoyinsa suka riga suka taɓu, allura ce aka fi aminta da ita. Masu ciwon suga da suka daɗe kan metformin, da masu shan omeprazole shekara da shekaru saboda ƙwannafi, su ma su sani magungunan nan suna rage shigar B12, kuma matsalar tana nan muddin ana shan su.

Da ciwon ya dawo, maƙwabta sun ba mu shawarar a kira mai yin allura a gida a sayo bi-kwamfiles, wato haɗin bitamin B iri-iri, daga masu tallar magani a tire. Na ƙi, kuma ina roƙon kowa ya ƙi. Sau da yawa B12 da ke cikin irin wannan haɗin kaɗan ne ko babu, maganin da ya yini cikin ranar Adar ba a san abin da ya rage a cikinsa ba, bitamin B6 idan ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiyoyi, allurar da ba gwani ya yi ba kuma tana iya barin ƙurji ko ta taɓa jijiyar ƙafa. Abin da muka yi shi ne na ɗauko takardar Yamai na koma wurin likitan nan, na ce, "Likita, ga abin da aka gani a cikinta tun farko, ga kuma abin da muke gani yanzu a gida." Ya karanta, ya sa ta tsaya ta haɗe ƙafafu ta rufe ido, ta yi tangaɗi sai da na tare ta. A ranar ya mayar da ita kan allura, a jere kamar farko kafin a koma ta wata-wata. Na roƙe shi ya rubuta sunan cutar a shafin farko na karnen, da cewa maganin na iyakar rayuwa ne, ya rubuta ya buga hatimi, ni kuma na ɗauki hoton shafin a waya na tura wa ƙanena da ke Abijan, wanda yake aiko da kuɗin magani.

Harshen Inna ya warke cikin makonni, ta koma cin miyarta da yaji, ƙarfinta ya dawo, carbi ma ya daina faɗuwa. Tafin ƙafarta na hagu ne har yanzu take cewa kamar da safa a jikinsa, kuma da asuba sai an kunna mata fitila kafin ta taka tsakar gida.