IELTS: kuɗinta ya yi yawa, amma mu duba abin da ke cikinta

"Kawu, firamare da Turanci na yi ta, sakandare haka, jami'a haka. Yanzu kuma sai na biya wani ya tabbatar ina jin Turanci?" Da wannan ɗan ƙanwata ya tare ni a gidansu da ke Agege, ranar da ya gane cewa tsarin Express Entry na shiga Kanada ba ya karɓar mutum sai da sakamakon jarrabawar harshe. Ban ga laifinsa ba. Kuɗin ba kaɗan ba ne, sakamakon kuma shekara 2 kacal yake aiki, sai ka ce harshe nono ne da ke tsami. Ingila ma ba ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ake ɗauke wa jarrabawar ba, alhali ita ta bar mana Turancin. Ina tare da masu wannan ƙorafi.

Sai dai na zauna da yaron nan makonni yana shiri, na ga abin da masu ƙorafin ba sa faɗa. IELTS, jarrabawar Turancin da yake shirin yi, wadda aka fara a 1989, kuma British Council da IDP ta Ostareliya da Cambridge ke gudanarwa, iri biyu ce. Akwai ta masu karatu da ƙwararru irin ma'aikatan jinya, akwai kuma General Training ta masu zuwa zama da aiki. Wannan ta biyun, rayuwar can aka ɗebo aka zuba a takarda.

Ɗauki ɓangaren rubutu. Aikin farko wasiƙa ce ta aƙalla kalmomi 150, irin wadda za ka rubuta wa mai gidan haya cewa na'urar ɗumama ɗaki ta lalace, ko shugabanka a wurin aiki kana neman hutu. Nan fa gizo ke saƙa. A Legas idan famfo ya fashe, ƙafa kake takawa ka sami mai gida, in ya ƙi ji ka ɗauko dattijon unguwa ya yi masa magana. A Toronto babu dattijon da za ka ɗauko. Abin da ka rubuta, da ranar da ka rubuta shi, su ne shaidarka idan magana ta yi nisa. Wasiƙar farko da yaron ya rubuta, rabinta gaisuwa ce da ban haƙuri, sai can ƙasa ya ambaci matsalar. Ladabi ne irin namu, kuma ina son sa, amma wanda zai karanta a can yana neman buƙatarka tun layin farko.

Sauraro ma haka. Tambayoyi 40 ne, kuma sau ɗaya ake kunna muryar. Ana farawa da hira irin ta kullum: wani yana neman ɗaki, ana faɗin suna harafi-harafi, ana ba da lambar waya da adireshi, da karin harshen Ingila ko Ostareliya ko Amurka. Kunnen Bahaushen Legas gwani ne, a Mile 12 yakan juya Hausa da Yarbanci da buroka a ciniki ɗaya. Amma bai saba da matar asibiti da za ta faɗi ranar ganin likita ta waya cikin sauri ta ajiye ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na magana. Minti 11 zuwa 14 kana gaban baƙon da ba ka taɓa gani ba, a tsakiya a ba ka batu, ka yi tunani minti 1, ka yi bayani har minti 2 ba tsayawa. Mu an tarbiyyantar da mu kan kunya da taƙaita magana a gaban na gaba. A can kuwa, wanda bai buɗe baki ya faɗi inda ke masa ciwo ba, ɗauka za a yi lafiyarsa ƙalau.

Shi ya sa nake takaicin wuraren koyarwar da ke ba yara amsoshi su haddace. Masu jarrabawar an horar da su gane hadda, kuma ko an dace an sami maki 6.0 cikin 9 a kowane ɓangare, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Kanada ke nema ga ƙwararrun ma'aikata, haddar ba za ta bi ka ofishin banki ba.

Jarrabawa ba ta koyar da sanyi ko kewar gida, wannan kowa ya sani.

Waɗanda na fi jin tsoron a bari a baya su ne matanmu masu bin mazajensu Ingila. Su abin da ake nema a farko, idan mijin ɗan ƙasar ne ko yana da izinin zaman dindindin, matakin A1 ne, wato matakin farko na Turanci, magana da sauraro kawai, kamar yadda yake a wata ƙaramar jarrabawa ta daban mai suna IELTS Life Skills. Muna da azuzuwan islamiyya a Agege da Idi-Araba da ke zama a rufe da hantsi, muna da 'ya'yanmu da suka ci jarrabawar suna jiran biza. Ƙungiyoyinmu na unguwa su haɗa su, awa biyu a mako, a zauna a gwada yadda ake kiran asibiti da yadda ake yi wa malamar yaro bayani.