Dattin namu ne, to ina masana'antar?

Jama'a akwai wata magana da na gaji da jinta, ko a majalisar mai shayi a unguwar Aboabo ta Kumasi, nan Ghana, ko a nan Facebook. Da zarar ka ce ruwan kogin Offin ya lalace ko hayaƙin Dagomba Line, inda masu tara tsoffin ƙarafa ke ƙone-ƙone, ya ishe mu sai wani ya taso maka da cewa ai Turawa ma haka suka fara, sai da suka ɓata ƙasarsu kafin suka yi arziki, don haka mu yi haƙuri mu sha dattin, in an ci gaba a gyara. Masu faɗin haka ba jahilai ba ne, wasunsu ma sun fi ni karatu, kuma rabin maganar gaskiya ce. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan na 'yan kwanaki, dubban mutane suka mutu, sai 1956 suka yi dokar tsabtace iska. A Japan kuma wani kamfanin sinadarai ya yi shekaru yana zuba mekuri a tekun Minamata, masunta da iyalansu suna cin kifin suna kamuwa da ciwon jijiya. Duk an yi wannan, babu mai musu.

Amma ɗaya rabin ne ba sa ƙarasawa. Ingila ta shekara sama da ɗari tana shaƙar hayaƙi, eh, amma a cikin hayaƙin nan Manchesta na saƙa yadin da duniya ke sawa, ana ƙera jirgin ƙasa ana ƙera na ruwa, kuɗin kuma a gida yake zama. Sun sha datti amma masana'antar tasu ce. Mu fa? Mu dattin kawai ake bar mana, aikin da ribar suna wata ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ku ɗauki Akosombo. An gama dam ɗin a 1965, an tashi mutane wajen 80,000 daga garuruwansu da gonakinsu da kaburburan iyayensu, aka ce wutar za ta narkar da alminiyam a Tema, Ghana ta zama ƙasar masana'antu. To an gina VALCO, masana'antar narka alminiyam ɗin, ta sha wuta mai arha shekara da shekaru, amma garin alumina da take narkawa daga waje ake shigo da shi, alhali ga namu bauxite ɗin, wato ƙasar da ake tacewa a samu alumina, a Awaso ana haƙa tun shekarun 1940 ana kai shi Takoradi ɗanye a loda wa jirgi. Wato ramin namu, ƙurar tamu, tashin ƙauyukan namu, amma matatar da za ta haɗa biyun har yau shiru. Zinari ma haka. Tun 1897 kamfani ke haƙa a Obuasi, a 'yan shekarun nan Ghana ce kan gaba a zinari duk Afirka, amma yawancinsa sai an fita da shi Suwizalan ko Dubai ko Indiya ake tacewa a sa masa hatimi. Duk wanda ya taɓa shiga motar Obuasi ya kalli garin da idonsa ya faɗa min tsakani da Allah ko ya yi kama da garin da aka shekara sama da 120 ana fitar da zinari daga ƙarƙashinsa.

Sai galamsey, wato haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba. Wasu har yanzu in an ce galamsey hoton da ke zuwa musu shi ne yaro da shebur da kasko. Wannan zamanin ya wuce tuni. Yanzu eskabeta ce, da injin canfan da ake ɗorawa a kan ruwa yana zuƙo ƙasan kogi yana wankewa yana mayar da taɓon nan take, da janareto da famfunan ja, jari ne na miliyoyin sidi wanda yaron Zango ko na ƙauye ba shi da shi kuma ba zai taɓa samu ba. Masana'anta ce cikakkiya, abin da ba ta da shi kawai adireshi da mai ɗaukar alhaki. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce ƙaramin haƙa na 'yan Ghana ne kaɗai, amma a 2013 gwamnati ta kori 'yan China sama da 4,000 daga wuraren haƙa, to wa ya nuna musu hanyar daji, wa ya ba su filin? Ba daga sama suka faɗo ba.

A 2024 kamfanin ruwa na ƙasa da bakinsa ya ce matatar Sekyere Hemang, wadda ke jan ruwa daga kogin Pra tana ba Cape Coast da Elmina, an gina ta ne don ruwan da gurɓacewarsa ba ta wuce 2,000 ba a ma'aunin da suke amfani da shi, amma ruwan da ke shigo musu ya kai 14,000. Ninki bakwai kenan. Ana ƙara alif, injuna na lalacewa, famfo na ɗaukewa, kuma kuɗin duk a bil ɗinka yake dawowa. Kada mu ce ai can ne. Offin da ke zubawa cikin Pra ɗin shi ne dai Offin ɗin da aka tare a Barekese, inda mafi yawan ruwan famfon Kumasi ke fitowa. Sa'armu ɗaya muna sama da inda aka fi ɓarna, amma ku je Dunkwa ku ga kalar da ya koma. Dam ɗin Owabi kuma, da aka gina tun 1928, gine-gine sun ci dajin da ke kewaye da shi, kwatocin unguwanni na gangarawa ciki.

Abin da ya fi ɗaga min hankali ma ba kalar ruwan ba ce, don taɓo in aka bar shi zai kwanta. Mekurin ne. Wanda bai taɓa gani ba, ga yadda ake yi: bayan an wanke ƙasa a zuba ruwan mekurin nan mai ƙyalli cikin baƙin yashin da ya rage, a murza da hannu, hannu tsirara fa, zinarin ya manne masa, a matse a ƙyalle ya zama ɗan dunƙule fari-fari, sai a ɗora a gwangwani ko cokali a sa wuta. Mekurin ya tashi ya bi iska, zinarin ya rage. Yaron yana duƙe a kai yana kallo kada ko ƙwaya ta ɓace, duk tururin a hancinsa, wani lokaci ma a cikin ɗaki ake yi ko a shagon mai saye, ga mai goyo tana sayar da abinci a bakin ƙofa. Wanda ya zube a ruwa kuma ba ya ruɓewa, yana shiga kifi ya taru, kifin ya zo kasuwa. Ghana ta shiga yarjejeniyar Minamata a 2017, sunan garin nan na Japan aka sa mata don a ɗauki darasi, amma har gobe mekuri ba wuyar samu yake a wuraren haƙa ba.

Gwamnatoci kuwa kowacce da nata salon. 2017 aka kafa Operation Vanguard, shugaban ƙasa na lokacin ya ce ko kujerarsa zai rasa a kai. 2021 aka yi ta ƙona eskabetoci a gaban kamara. 2022 kuma sai ga dokar L.I. 2462 ta buɗe ƙofar haƙa a cikin dazuzzukan da aka killace. Otumfuo, sarkin Asante, ya tuɓe wasu sarakunansa a kan wannan magana, wannan kam a yaba masa. Ranar 6 ga Agustan 2025 helikwafta ya faɗi a yankin Adansi da mutum takwas a hanyarsu ta zuwa Obuasi taro kan gyaran harkar haƙar nan, cikinsu har da ministan tsaro da ministan muhalli Ibrahim Murtala Mohammed, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu ya ba iyalan duka haƙuri. Ban kawo wannan don NPP ko NDC ba, duk wanda ya zo min da siyasa a ƙasan nan ba zan amsa ba, kowace jam'iyya ta riƙe mulki ruwan yana ƙara yin ja.

Yanzu bari in juyo gida, don ba zan yi ta nuna 'yan China da manya ba in tsallake namu. Suame Magazine, unguwar makanikai da makera ta Kumasi, abin alfahari ne, wallahi babu irinsa da yawa a Afirka, dubban mutane ke cin abinci a wurin, masta zai kalli fatin da aka ce babu shi a kasuwa ya ƙera maka shi kafin la'asar. In ana maganar masana'antar da take tamu ta gaske to ita ce. Amma ka tsaya ka kalli ƙasan wurin. Baƙa ƙirin, ta sha baƙin mai har ta daina shan ruwa. Yaron masta zai kwance ƙasan inji ya tara man a rabin galan, in akwai mai saye a sayar, in babu a tuntsurar a kwata. Tsohon batir a fasa shi da guduma a zubar da ruwan asid ɗin a nan inda ake tsaye, a ciro dalmar. Mai feshin fenti ko ƙyalle bai ɗaura a hanci ba. Ruwan sama na farko ya zo ya wanke duka ya yi gangare da shi. Ita dalma ƙwaƙwalwar yara take taɓawa, kuma ba za ka gani ran nan ba, sai dai a ce yaro ba ya gane karatu a yi ta dukansa.

'Yan kondem, masu tara tsoffin ƙarafa, ma namu ne, ƙannenmu ne da suka sauko daga arewa neman na kai. Suna tara wayoyi su cinna musu wuta da tsohuwar taya ko soson firji don robar ta narke jan ƙarfen ya fito, hayaƙin baƙi mai ɗaci ya bi iska ya shiga makarantar allo da ɗakin mai jego. A Accra gwamnati ta rushe kasuwar 'yan kondem ta Agbogbloshie a Yulin 2021, aka yi ta murna an kawar da abin kunya, to aikin ya daina ne? Watsuwa kawai ya yi, ya koma lunguna inda babu mai ɗaukar hoto. Mahautanmu kuma, ku yi haƙuri iyayena, babbakar kai da ƙafa da ganda da taya ba al'ada ba ce, arha ce kawai, kuma mu ne ke ci.

Ga kuma fiya wata, ruwan leda. Kasuwa ce da rashin yarda da ruwan famfo ya haifa, yanzu ta zama babbar masana'anta, kowace unguwa da mai injinta. Mu sha mu yar, ledar ta toshe kwata, damina ta zo rafin Aboabo ya cika ya shigo ɗakuna, katifa da buhun masara da takardun makarantar yara duk su tafi. Mutanen Accra ba su manta 3 ga Yunin 2015 ba, ambaliya da gobarar gidan mai a Circle, rai sama da 150.

Kada wani ya fahimce ni a karkace, ni ba na cikin masu cewa a rufe komai. Wanda bai ga yadda zaman banza ke cinye samarin Zango ba shi ne zai ce haka. Ina son masana'anta, ina son ta da yawa ma, wadda za ta tace zinarin nan a nan, ta sarrafa koko a nan, ta narka ƙarfen da 'yan kondem ke tarawa ta hanyar da ba za ta kashe su ba. Kuma da yawan gyaran ba wani abin a zo a gani ba ne. Injin fere waya yana nan, yana fitar da jan ƙarfe tas ba tare da wuta ba, har ya fi tsada a wajen mai saye. Akwai ɗan murhun ƙarfe mai murfi da ake ƙona zinari a ciki ya tare tururin mekurin ya dawo da shi ruwa, makeran Magazine za su iya ƙera shi da rana ɗaya. Tankin tara baƙin mai a kowane layi da motar da za ta zo ta kwashe ba sai an ciyo bashin IMF ba. Gas na babbaka a mahauta haka. Abin da ya hana shi ne zubarwa kyauta ce, gyarawa kuma da kuɗi, kuma wanda ke shan wahalar ba shi ne mai yanke shawara ba. Malamanmu da limamai ma ina roƙo, hudubar tsarki kada ta tsaya a buta, ruwan da ake zubawa a butar ma a yi maganarsa.

Abin da nake so mu sa wa ido yanzu shi ne Nyinahin, nan kusa da mu a Atwima Mponua. Akwai bauxite mai yawa a wurin, tun 2018 aka kafa GIADEC, hukumar gwamnati mai kula da harkar alminiyam, aka ce wannan karon za a haɗa haƙa da tacewa da narkawa duka a gida, a shekarar kuma aka ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 2 da kamfanin Sinohydro na China wadda ta jawo rigimar haƙar bauxite a dajin Atewa, inda kogunan Densu da Birim da Ayensu ke tasowa. Tace bauxite yana barin wani jan taɓo mai guba mai yawan gaske wanda sai an gina masa wurin ajiya na musamman. To kafin eskabeta ta farko ta shiga, ɗan majalisarmu da asambuliman da sarakunan Zango su tambaya mana a rubuce: matatar a ina za a gina ta kuma yaushe, jan taɓon a ina za a zuba shi, wane rafi ne a ƙasan wurin, kuma nawa kamfanin ya ajiye a banki na cike ramin in ya gama ya tafi.