Kofin tunawa da Koci, ko na tunawa da Honorabul?

To, ga shi mun ga fostar. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, har an buga sanarwar gasar cin kofin tunawa da Koci, mai horar da yara ƙwallon ƙafa a Kaduna, hoton marigayin can a kusurwa kamar na fasfo, na mai ɗaukar nauyi kuwa ya cinye rabin takarda, ga babbar riga ga murmushi. Sannunku da ƙoƙari. Za a kafa rumfa, a jera kujeru, a kawo mai kiɗa, a sha jawabi, a ɗaga kofi a ɗauki hoto. Ran Litinin da la'asar yara su koma filin su tarar babu ƙwallo, babu mai hura usur.

Bawan Allahn nan bai bar kofi ba. Aiki ya bari, da marayu. Mai son tunawa da shi ya ɗauki ɗaya cikin biyun, in ba zai iya ba ya yi masa addu'a ya koma gida.

Da yake yawancin masu jawabin ba su san aikin ba, bari a faɗa musu. Yara ashirin ba sa koyon komai da ƙwallo ɗaya, sai dai su yi ta bin ta kamar kaji sun ga tsaba. Ana son kowane yara biyu su samu ɗaya, wato goma ke nan. 'Yan ƙasa da shekara 13 lamba 4 ce tasu, manya lamba 5. Ka ba ɗan shekara tara lamba 5, nauyi zai sa ya koyi bugu da tsinin yatsa, kuma wannan ɗabi'a wuyar fita gare ta. Filayen firamare na Tudun Wada da Rigasa da Badarawa ba ciyawa ba ce, jar ƙasa ce da tsakuwa, cin fatar ƙwallo suke yi. Shi ya sa Koci ba ya sayen mai ƙyallin nan da aka manne da gam, wadda in ta fara ɓarewa shi ke nan. Mai ɗinkin hannu yake nema, in ta yage mai gyaran takalmi ya ɗinke ta. Ko allurar famfo sai ya jiƙa ta kafin ya soka, don busasshiya tana yaga bakin robar ciki, ƙwallo ta riƙa sacewa cikin dare. Wane ne cikin masu rumfar ya san wannan?

Sai filin kansa. A watan Agusta ruwa yakan ci gaban raga ya bar rami, dole a zo da baro a cike da yashi a daddaɓe, a sake ja layi da toka. Hunturu na shigowa ƙasa ta koma kamar siminti, takalmin ƙwallo mai dogayen ƙusoshi ba ya nutsewa, sai ya murɗe idon sawu, don haka kambas ya fi. In an yi targaɗe, ba a ja, ba a murza. Ƙanƙara ake naɗewa a tsumma a ɗora kamar minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji, a ɗaga ƙafar. Yaron da ya kasa taka ƙasa kuwa asibiti za a kai shi a ɗauki hoto, domin murza tsagewar ƙashi da sunan targaɗe ita ce ke bar wa yaro ɗingishi. Bandejin, da auduga, da ayodin, da jakar fiya wata ta kowane atisaye, da shatar bas in za a je wasa Kakuri ko Kawo, duk daga aljihu ɗaya suke fitowa, aljihun Koci da ke ciyar da gidansa.

Wannan ba ma shi ne mai wuyar ba. Mai wuyar shi ne bin gida-gida ana ba iyaye haƙuri, a daidaita lokaci da na islamiyya, a tashi kafin kiran magariba, a kori wanda ya yi fashin makaranta ko da shi ne mai cin ƙwallayen. Uba ba ya miƙa ɗansa ga kofi, ga mutum yake miƙa shi. Iyaye sun yarda da Koci ne don sun ga yadda ya riƙe nasa 'ya'yan: shi ke kai su makaranta da safe, shi ke duba littafinsu da dare bayan ya dawo da ƙurar fili a jiki, kuma ɗansa in ya makara benci yake zama kamar kowa.

Za a ce ai gasa ma tunawa ce, ai niyya ake dubawa. Mun ji. Niyya ba ta hura ƙwallo. Za a ce aikin gwamnati ne. Shi da ya yi shekara da shekaru yana yi, gwamnati ya jira? Maiɗakinsa tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, zangon karatu na tafe, mai gida zai zo karɓar haya. Kuɗin rumfa da kujeru da mai kiɗa da buga fosta, a raba shi biyu, rabi a kai gidan a ɓoye ba tare da kyamara ba, rabi a sayi kayan aiki a damƙa wa wanda yake taimaka masa.

Mun iya alfahari cewa tawagar Najeriya da ta ciyo zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996 akwai 'yan Kaduna biyar a ciki: Daniel Amokachi, Tijani Babangida, Garba Lawal, da Celestine da Emmanuel Babayaro. Ba a haifar ɗan wasa a filin Ahmadu Bello, wani ne yake fara tsayawa a kansa a rana tun ba a san sunansa ba. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne daga shekara 12 zuwa 23, amma sai ƙungiyar da ke da rajista kuma sunan yaron yana rubuce a ƙarƙashinta. Yallaɓai, in da gaske ake, a yi wa ƙungiyar rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, a shigar da yaran da shekarunsu na gaskiya. Matsalar dai ita ce takardar rajista ba ta da wurin manna hoto mai babbar riga.

Allah Ya jiƙan Koci, Ya sa aljanna ce makoma, Ya raya abin da ya bari, Ya ba iyalinsa haƙuri.

Af, ku kuma masu koyon mota da kuke shiga filin da sassafe bayan an yi ruwa, ku ji tsoron Allah. Sawun tayar nan in ya bushe kwari yake zama, a nan yara ke gurɗewa. Da can Koci ke fitowa ya kore ku. Wanda ya tumɓuke duwatsun da ya jera a bakin hanyar shiga, ya mayar da su inda ya gan su.