Ba kowane zafin ƙirji ne olsa ba

A Maraɗi, in matashi ya dafe ƙirji ya ce yana jin ƙuna, kafin ya rufe baki an yanke masa hukunci: olsa ce. Sai a tura yaro teburin mai magani, ko a jiƙa masa kanwa. In lafiyarsa ƙalau, wataƙila hakan ne. Amma in yana da ciwon sukari, ni a ganina wannan gaggawar ganganci ce, don wataƙila ciwon zuciya ne.

Sukari in ya daɗe da yawa a jini, yana cin bangon jijiyoyin jini daga ciki, kitse ya samu wurin maƙalewa, hanya ta riƙa tsukewa. Jijiyoyin da ke ciyar da zuciya kuwa sirara ne. Abin da jama'a ba su lura da shi ba shi ne, da shekarun ciwon ma ake lissafi, ba da na haihuwa kaɗai ba. Wanda ya kamu yana ɗan 20, kafin ya kai 35 jijiyoyinsa sun yi shekara 15 suna shan wannan wahala, alhali ko furfura ɗaya babu a kansa. Haɗarin ciwon zuciya ga mai sukari ya ninka na sauran mutane sau biyu ko fiye, kuma mata ma ba su tsira ba.

Mafi muni, ciwon yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Sai hanyar jini ta toshe ba tare da wani ciwo mai tsanani ba, daga gumi, sai haki, sai tashin zuciya da kasala. Da safe a ce jiya muna tare da shi a fada, lafiya lau.

Fadar ma abin dubawa ce. Shayi zagaye uku, sukari kamar da gayya, sigari na bin hannu, in an tashi kuma ko nan da can sai kabu-kabu. Ni ma ɗan fada ne, ban ce a watse ba. Amma mai sukarin da ke zuƙar taba yana ƙara wa wuta fetur ne.

Ma'aikatan lafiya su ma da nasu. Sau da yawa a soki yatsa, a karanta lamba, a sallami mutum. Ina awon tansiyo? In ya kai 14/9 ya tsaya a nan, magana ta canza, hawan jini ke nan. Ina gwajin kitsen jini, ina na ƙoda?

Za a ce kuɗi, kuma gaskiya ne, wanda ke fafutukar sayen insulin ba a ɗora masa wani nauyin da wasa. Sai dai awon tansiyo minti biyu ne a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko ƙauye, barin sigari kuwa aljihu yake taimako. Gwajin kitse sau ɗaya a shekara ya fi kwanciya asibiti araha nesa ba kusa ba.

In ɗan'uwanka mai sukari ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ko yana haki daga ɗan tattaki, ajiye kanwar, ku nufi asibiti a yi masa ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, a ranar.