Na sha kaye sau huɗu kafin in gane jirgina

Kafin in bar gida, duk abin da na sani na yaƙin jiragen sama a fuskar kwamfuta na san shi. Ka bi abokin gaba, ka danna, in an harbo ka ka sake sabon lale. Na yi shekaru a haka, kuma da za a tambaye ni bambancin jirgi kaza da jirgi kaza, amsata ɗaya ce: wannan ya fi wancan ƙarfi. Sai da zama ya kawo ni Ingila, inda rana kan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu a lokacin hunturu, wani abokin aiki ya ja ni wurin wasu mutane da ke haɗuwa duk mako suna yin wannan yaƙin a kan tebur, da kati da rula da 'yan ƙananan jiragen roba. Ranar farko dariya na yi a zuci. Yanzu kuwa ina da yaƙinin teburin nan ya koya mini a wata uku abin da kwamfuta ta kasa koya mini a shekara goma.

Wasan da suke yi shi ne Wings of Glory. Wasu 'yan Italiya biyu ne, Andrea Angiolino da Pier Giorgio Paglia, suka ƙirƙiro shi, ya fara fitowa a 2004 da sunan Wings of War. Kowane jirgi da nasa ƙunshin katin, kowane kati da kibiya a jikinsa. Za ka zaɓi uku ka kife su a jere, abokin karawarka ma haka, sannan a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, jirginka ya bi inda kibiyar ta kai shi. Da ka kife kati, bakin alƙalami ya bushe. Idan wani ya shigo gaban bindigarka a auna da rula: in yana kusa ya ɗauki katin rauni biyu, in yana nesa ɗaya, kuma ba zai nuna maka abin da ya samu ba.

Aka ba ni SPAD XIII, jirgin Faransa na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya ɗauki Fokker Dr.I na Jamus, mai fukafukai hawa uku. Na ga kibiyoyina sun fi nasa tsawo, jirgina na iya shan rauni 16 nasa 13, na ce an gama. Na shiga bin sa ina zagaye, ina neman in ɗare bayansa yadda na saba. Duk kwanar da na sha sai ta yi faɗi kamar ta babbar mota, shi kuwa ya juya a ɗan wurin da bai fi tafin hannu ba, kafin in ankara yana ƙeyata. Sau huɗu a jere, mako huɗu. Bai taɓa gyara mini ba, sai a na huɗun ya shimfiɗa katunana da nasa a kan tebur, ya ce in nemo masa kati ɗaya a nawa da zai iya kwanar da nasa ke yi. Babu. Ashe tun farko yaƙinsa nake yi da jirgina.

A nan ne tebur ya yi wa kwamfuta fintinƙau. A kwamfuta hanzarin yatsa yana rufa wa jahilci asiri. In ka yi kuskure za ka gyara shi nan take, ba ka ma san ka yi ba, kuma in ka faɗi sai ka ɗora wa hannunka laifi ko intanet. A tebur iyakar jirginka a baje take gabanka, kati-kati, kana iya ƙirga ta. Ga shi kuma dole ka yi tunanin motsi uku gaba, wato sai ka san katunan wancan kamar yadda ka san naka, domin tambayar kullum ita ce ina zai iya kaiwa, ina ne ba zai iya ba.

Da na koma na karanta tarihin jiragen, sai na ga ba son rai aka bi wajen zana kibiyoyin ba. SPAD XIII na ɗauke da injin Hispano-Suiza mai silinda 8 da ƙarfin doki 200 ko fiye, gudunsa ya haura kilomita 200 a awa, ga ƙarfin jiki da zai kifa kai ƙasa da gudu bai tarwatse ba. Aikinsa irin na shaho ne: ya kai sura, ya wuce, ya yi nisa, ya juyo. Dr.I kuwa injinsa doki 110 ne, ba ya da gudu, amma ga hawa ga kwana. Guda 320 kacal aka ƙera, alhali SPAD XIII ya haura 8,000. Sunan da Dr.I ya yi na matuƙin Jamus Manfred von Richthofen ne, wanda ya kakkaɓo jirage 80 kuma a cikin irin wannan jirgin aka kashe shi ranar 21 ga Afrilu 1918, duk da cewa yawancin nasarorinsa a wasu jiragen ya same su.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne Sopwith Camel na Birtaniya. A katunansa akwai wata kwana mai tsauri ta dama wadda ba ta da 'yar'uwa a hagu. Da farko na ɗauka kuskuren ɗab'i ne. Ashe injinsa irin wanda silindojin gaba ɗaya ke juyawa tare da farfela ne, ga shi inji da bindigogi da tankin mai da matuƙi duk an cusa su a gaban jirgin. Wannan nauyin da ke wulwulawa yana fizgar jirgin, ya sa kwanar dama ta zo da sauri, ta hagu kuma da nawa. A tebur, da zarar ka gane haka, ba za ka ƙara yarda ka tsaya a damar Camel ba. Sai dai shi ma mai Camel ya san ka sani, daga nan kuma wasan ya tashi daga na jirage ya koma na karatun zuciya. Dattijon nan ya taɓa cin ni da kwanar hagu, don kawai na sakankance dama zai yi.

Ba wai teburin ba ya ƙarya ba. Babbar ƙaryarsa shimfiɗa ce. Sama tana da bisa da ƙasa, tebur kuwa ba shi da su, kuma ko da yake akwai dokokin tsayi da ake iya ƙarawa, yawancin mutanenmu ba sa son wahalarsu. Sakamakon haka hawan da Dr.I ya yi suna da shi ya tafi a banza, kifa kan SPAD ma haka. Oswald Boelcke, wanda ya tsara wa matuƙan Jamus ƙa'idoji 8 a 1916, ya fara ne da cewa ka nemi fifiko kafin ka kai hari, ka sa rana a bayanka in da hali. A teburinmu babu rana. A wannan fannin kwamfuta ta fi, na yarda. Haka kuma Camel na roba ba ya kashe ɗan koyo, alhali na gasken ya hallaka matuƙa da yawa tun suna horo, ba su ma kai fagen daga ba.

Inda nake saɓawa da mutanen wurin shi ne yadda suke karɓar baƙo. Sukan miƙa masa jirgi mai iya kwana, wai ya fi daɗin tuƙi, ya yi ta zagaye yana murna. Ni a ganina cutarsa ake yi, domin zagaye shi ne abin da kowa ke yi ba tare da an koya masa ba. Abin da ke da wuya shi ne ka harba sau ɗaya ka wuce abinka, zuciyarka na ce maka juyo, kai kuma ka ajiye kati uku na miƙewa. A ba shi SPAD ya sha kaye wata guda, sannan a musanya masa kujera ya zauna a Dr.I, ya ji yadda ake ji idan abokin gaba ya ƙi tsayawa a yi kokawa.

A karo na biyar haka na yi. Na shigo ta gefe, na harba, na miƙe har na kusa faɗawa bakin tebur, sannan na ajiye katin Immelmann, wanda dokar wasa ta ce sai an sa shi tsakanin katin miƙewa biyu, jirgin ya juyo ya fuskanci inda ya fito. Sau uku na maimaita, dattijon yana ta kewaya a tsakiya ba shi da wanda zai kama. Da ya buɗe katunan rauninsa sun kai 13, bai ce uffan ba. Ya buɗe akwatinsa ya fito da wani jirgi mai kujera biyu, da bindiga a baya tana kallon daidai hanyar da nake bi in gudu, ya ce mako mai zuwa da wannan zai zo.