Hatimin notari: wa ke duba masu duba takardunmu a Sakkwato?

Bara waccan ƙanen babana da ke zaune Makka shekara da shekaru ya kira ni cikin dare muryarshi na rawa, wai an sayar da filinshi nan unguwar Mabera. Na ce Baffa wa ya sayar? Ya ce ai abin da nike tambayarka ke nan. Da munka bi diddigi sai ga takardar wakilci, sunan Baffa ne, sa hannu mai kama da nashi, ga jan hatimin nan na notari, wato lauya mai shaida sa hannu kan takarda, hatimi mai tudu wanda in ka shafa da yatsa kana jin rubutun, takarda na cewa ya zo gaban lauya ranar kaza ya sa hannu da kanshi. To ranar kaza ɗin Baffa bai ƙasar ma, fasfo ɗinshi ya nuna rabonshi da Najeriya ya fi shekara biyu. Wanda ya sayi filin kuma bawan Allah ne ɗan kasuwa, ya dube ni ya ce Malam ni hatimi na gani, in ban yarda da hatimin lauya ba da mi zan yarda? Wallahi har yau ban samu amsar da zan ba shi ba.

Mutane da yawa na haɗa notari da kwamishinan rantsuwa da ke cikin kotu, wanda ake zuwa wurinshi takardar shekarun haihuwa ko canjin suna ko ɓatan katin shaida. Ba ɗaya ba ne. Notari lauya ne, kuma ba kowane lauya ba, sai ya shekara bakwai aƙalla da zama lauya sannan ya nema, Alƙalin Alƙalan Najeriya ne da kanshi ke naɗa shi, ya yi rantsuwa, a sa sunanshi cikin rajistar da ke Kotun Ƙoli Abuja, doka ma tana ɗaukarshi jami'in wagga kotu. Shi ya sa hatiminshi ke tsallake iyaka. Ɗalibin Jami'ar Danfodiyo da zai tafi karatu Masar ko Malesiya, ɗan kasuwan da ke odar kaya daga Dubai, magadan da ɗan uwansu ya rasu Saudiyya ya bar kuɗi a banki, sau da yawa sai sun bi ta hannunshi kafin takarda ta wuce ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci. Can ƙasashen ba su san ka ba, ba su san gidanku ba, hatimin suka sani.

Abin da ke damuna shi ne duk tantancewar bakin ƙofa take. Ana duba ka ranar shiga, an ga takardunka, an ga ka biya kuɗin lasisin aiki, manya sun shaide ka, shi ke nan an ba ka hatimi ka tafi da shi shekara ashirin talatin. Lauyoyin da na tambaya nan garin, ciki har da masu hatimin, sun ce mini babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasa musu ƙofa ya ce kawo littafinka in ga wa da wa ka buga wa hatimi watan jiya. Eh akwai hukunci a rubuce, ana iya dakatar da mutum ko a soke sunanshi, akwai kuma kwamitin ladabtar da lauyoyi, amma duk wannan sai ɓarna ta auku, sai wani ya rubuta ƙorafi ya bi shi har Abuja da kuɗin motarshi. Tsohuwar da anka cinye ma gona a Kware ko Wamakko ita ce za ta yi wanga aiki?

Na zauna wani ofis da idona ina jiran tawa takarda, wani yaro ya shigo da fayil ƙarƙashin hammata, takardu sun kai goma, ya ce ma sakatare na Alhaji ne. Sakatare ya ce oga ya tafi kotu ka dawo bayan azahar. Bayan azahar yaron ya dawo ya kwashi takardunshi duk an buga, masu sa hannun ko ɗaya bai taka ofis ɗin ba, ba a ga fuska ba ba a ga katin NIN ba, ba a tambayi kowa ko ya san abin da ke cikin takardar da ya dangwala ma yatsa ba. Kuma mafi yawan iyayenmu turancin takardun nan ba su jin shi, ai wajibi ne a karanta ma mutum da Hausa a tabbatar ya gane kafin ya sa hannu.

Mu ma da namu laifin, wanga gaskiya ne. Mu ne ke cewa Barista don Allah a taimaka, Hajiya ba ta fita, kai ma ka san gidanmu. In ya ce sai ta zo ko shi ya je ya gan ta, sai mu ce ya cika tsanani mu koma wurin mai sauƙi. Haka mai gaskiya ke rasa kwastoma, kuma suna nan da yawa masu gaskiyar, na san wanda ya ɗauki hatiminshi ya tafi har gadon asibiti don ya ji daga bakin mara lafiya.

Abin ban takaici, mu mutanen Sakkwato ba baƙin wanga ilimi ba ne. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, ta ce marubuci ya rubuta tsakaninku da adalci kuma a kafa shaidu. Fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure yana da babin tazkiyya, alƙali bai karɓar shaidar mutum sai an bincika adalcinshi, kuma adalcin jiya bai hana a soki mutum yau in halinshi ya canza. Maroko har gobe masu rubuta irin waɗanga takardu, adulai, bibbiyu suke zama kan takarda ɗaya sannan alƙali ya tabbatar. Faransa kuma, wadda maƙwabtanmu na Ƙonni da Yamai sunka gaji tsarinta, kowane ofishin notari sai an bincike shi aƙalla sau ɗaya a shekara, a buɗe littattafai a duba asusun kuɗin mutane.

Yanzu ga sabuwar doka ta 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1936, ta halatta a yi aikin ta bidiyo da hatimin kwamfuta. Ni ina murna da ita, don da Baffa zai iya zama ɗakinshi Makka lauya na kallonshi ta waya. Amma wanda bai damu ya ga mutum ido da ido ba, mi zai sa ya damu ta kyamara? Shi ya sa nike ganin reshen ƙungiyar lauyoyi na Sakkwato bai kamata ya jira Abuja ba. A liƙa sunayen notari na gaskiya da ke jihar a allon babbar kotu, a sa a intanet, duk mai sayen fili ya iya dubawa da wayarshi. Kowane mai hatimi ya riƙe littafi mai lamba bi da bi, suna, rana, lambar katin shaida, hoto, dangwalen yatsa, kuma hatimin ya zauna cikin durowar da shi kaɗai ke da makullinta. Sau ɗaya a shekara lauyoyi biyu daga wani reshe, ko Kebbi ko Zamfara don kar kunya ta hana, su zo ba sanarwa su zaɓi takardu ashirin su buga ma masu su waya. Wasu za su ce kuɗin aiki zai ƙaru, ƙila ya ƙaru kaɗan, amma ku tambayi mai sayen filin Baffa nawa ya kashe ma lauyoyi zuwa yau.

Maganar na kotu har yanzu, an ɗaga ta ya fi sau biyar. Lauyan da hatiminshi ke kan takardar ya ce bai tuna ranar ba, da anka ce ya kawo littafi ya ce bai da shi. Ginin da ɗan kasuwan ya fara ya tsaya a linta, damina biyu ta bi ta kanshi, Baffa kuma duk Juma'a sai ya kira ya tambaye ni ko an sa rana.